Abin da na koya kafin a manna ledar kare fenti a mota

Lokacin da na fara koyon aikin nan a hannun maigidana, na ɗauka duk wahalar tana wajen manna ledar ne, yadda za ka ja ta ta bi kwanar bamba ba tare da ta tattare ba. Wata uku na farko ko taɓa ledar bai bari na yi ba, wanki kawai da guga, har raina ya fara ɓaci ina ganin kamar ɗan wankin mota ya mai da ni.

Wata baƙar Camry ce ta fara nuna min dalili. Na wanke ta tas da bokiti biyu kamar yadda aka koya min, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, na ce Oga na gama. Bai ce komai ba, ya miƙo min wata siririyar farar leda ya ce in sa hannuna a ciki in shafa bonet. Wallahi ji na yi kamar an barbaɗa yashi, alhali ido ba ya ganin komai. Garin ƙarfe ne na birki da ɗigon kwalta da ƙaron bishiya, sun kama fentin, sabulu ba ya fitar da su. Sai ka fesa maganin cire ƙarfe ka ga ya koma shunayya yana gangarowa, ka ɗauraye, sannan ka bi da yumɓun goge mota, kana fesa ruwan santsi kana ja a hankali, in yumɓun ya faɗi ƙasa kuma shi ke nan zubar da shi za ka yi, don ya riga ya kwashi tsakuwa.

Bayan nan sai folish, saboda ledar garai-garai take, duk wani ƙarzane da ka bari a ƙarƙashinta yana nan zaune shekara da shekaru, a baƙar mota kuwa rana na bugawa za a gan shi.

Kuskuren da ya fi min ciwo a nan na yi shi. Na gama folish a wata mota tana ta sheƙi, na tsallake goge ta da alkohol da aka sirka da ruwa, ina ganin ai fes take. Maiƙon folish ɗin yana jiki, gam bai kama ba, kwana huɗu mai motar ya dawo bakin ledar ya ɗaga a gefen fitila ƙura ta shiga ta yi baƙin layi. Dole aka ɓare aka yanko sabuwa, kuma abin nan da dala ake sayo shi. Oga bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi "gobe kai za ka goge gefunan, ni zan duba", kuma tun ranar lungun ƙofa da bakin bonet da kewayen tambari su nake fara bi.

Ga kuma maganar motocin Kwatano, da yawansu an sake musu fenti a wani gefen kafin su iso hannun mai su. Kaurin fentin kamfani yawanci tsakanin maikron 100 zuwa 150 yake (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), in ka ɗora abin awo ka ga ƙofa ɗaya ta ba ka 400 to ka san an yi aiki a wurin, kuma irin wannan fentin in bai kamu da kyau ba ranar da za a ɓare ledar tare za su taho. Gara ka gaya wa mai mota tun kafin a fara.

Da hunturu abin ya fi wuya, ƙura ɗaya ta faɗa ƙarƙashi sai ta yi tudu kamar ƙurji, shi ya sa muke rufe ƙofa mu kashe fanka mu jiƙa ƙasa, ga zafi ga gumi amma haka muke daurewa.

Satin da ya wuce wani Alhaji ya kawo motar da aka fesa wa bamba kwana biyar, yana so a manna masa ranar don zai yi tafiya Abuja. Na ce ranka ya daɗe fentin bai gama bushewa ta ciki ba, in aka rufe shi yanzu zai yi ƙulu-ƙulu, a ba shi ko wata ɗaya. Ransa bai so ba, ya ja motarsa ya tafi, na dai rubuta masa ranar da zai dawo.