Ba a ɗauke ka a kastin ba? Kama bakinka tukuna

Ƙannena masu harkar fim a Garwa da Marwa da Ngaundere, abin da za ka yi bayan ka je kastin, wato gwajin zaɓen 'yan wasa, an ce ma "za mu kira ka" ya fi wanda ka yi gaban kyamara muhimmanci wallahi. Mu nawa ne duka a harkar nan a arewacin Kamaru? Mai riƙe kyamarar da ya ga an sallame ka yau shi ne zai haɗa nasa fim ɗin baɗi, mai kwalliya kuma ƙanwar furodusa ce, kowa ya san kowa.

Ni da aka ƙi ni a wani shiri mai dogon zango Facebook na hau na zuba habaici, wai sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka, ban kama suna ba amma duk ɗan harka ya gane da wa nake. Ashe rol ɗin na baban yarinya ne, da suka jera mu sai suka ga na fi kama da yayanta, iyakar laifina kenan. Darakta har ya ajiye lambata don wani rol a kashi na biyu, amma habaicina ya riga shi, kiran bai zo ba har yau.

Yawancin abin da ke hana a ɗauke ka ba ya hannunka, tsayi ne, fuska ce, murya ce, wani lokacin ma mai zuba kuɗi ne ya kawo nasa yaron, wannan kam akwai shi, ba zan ce babu ba. Ga kuma harshe, mu nan fim ɗaya sai ka ji Fulatanci da Hausa da Faransanci a ciki. In ka nufi Kano kar ka yi irin tawa, na shiga ina ta "kin gane ko" ina lanƙwasa baki wai ni Bakano, hankalina duk ya tafi kan lafazi na manta da wasan, ana ta dariya ƙasa-ƙasa. Kananci koyonsa ake a zauna da mutane, ba a ranar kastin ba.

Daraktoci suna komawa ga wanda suka ji daɗin aiki da shi. Dubi Mahamat-Saleh Haroun na Chadi, ya sa Youssouf Djaoro a Daratt a 2006, ya sake ɗauko shi a Un homme qui crie, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010. To kai ma in an ƙi ka tura ɗan saƙo, na gode da kuka duba ni, in wani abu ya taso ina nan. Kar ka yi ta kira dare da rana, kar ka tura kawu ya je roƙo.

Maganar kuɗi kuma. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ta Orange Money kafin ya gan ka, rabu da shi. In kastin ɗin a Yaunde ne tambaya ko za su karɓi bidiyo ta WhatsApp kafin ka kashe kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere ka je ka ɗora wa 'yan'uwa nauyi a unguwar Birketeri. In tafiyar ta zama dole daidaita ta da lokacin bikin fina-finai na Écrans Noirs, tun 1997 ake yin sa, ko ba a ɗauke ka ba ka ga masu harka ido da ido.

Kuma don Allah kar ka rufe shagon ɗinkinka ko ka sayar da moto saboda an yaba maka a fim ɗaya. Wanda kuɗin haya ke bi ana ganewa tun daga sallamarsa, ya cika wasan da ihu da zare ido, darakta ya ce na gaba.