Takardar da na sa wa hannu a gadon asibiti

Kwana huɗu da haɗarin suka zo dubiya. Ina kwance a ɗakin masu karaya, an rataya wa ƙafata ta dama nauyi, allurar kashe zafi ba ta gama sakina ba. Su uku ne: mai motar, da wani dattijo cikin shugabannin tasha, da kawuna ƙanin mahaifiyata, wanda suka biya har gida suka ɗauko. Sun zo da lemo da ayaba da gwangwanin madara, suka yi doguwar addu'a. Daga nan Alhajin mai motar ya zaro ambulan mai naira dubu 150 ya tura ƙarƙashin filona, dattijon kuma ya miƙo takarda da biro ya ce, "Malam, sa hannu nan, shaida ce dai cewa saƙo ya iso gare ka." Na dubi kawu. Ya ce, "Sa mana ɗana, mutane sun yi halin girma." Na sa. Ban karanta ba, kuma ban ce a bar mini kwafi ba.

Ni tela ne a Bauchi. Daga Gombe na taso ranar, na saro yadi saboda azumi saura mako uku, cikin bas ƙirar Homa mai cin mutum 18. Mun wuce Alkaleri, ba mu kai gadar Dindima ba, tayar gaba ta fashe. Kafin nan sau biyu wata baiwar Allah tana roƙon direba ya rage gudu. Mutum biyu suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ni ƙashin cinyata ne ya karye. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suka kwashe mu zuwa asibiti.

Dubu 150 ɗin nan ko ƙarfen da aka saka mini ba su saya ba. Aikin tiyata, jini leda biyu, magunguna, hoton ƙashi, gashi daga baya, kafin a sallame ni mun haura dubu 700. Na sayar da keken ɗinki ɗaya, maiɗakina ta sayar da awakinta. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar sallah ta wuce, shagona a rufe, kuma kowane tela ya san abin da hakan yake nufi: ɗinkin sallah shi ke riƙe mutum rabin shekara. Da na kira Alhajin na gaya masa halin da ake ciki, cikin ruwan sanyi ya ce mini, "Ai Malam mun riga mun gama magana, akwai takarda." Ranar ban yi barci ba.

Abin da ya fi ɗaure ni ma ba takardar ba ce, bakin mutane ne. Duk wanda na ce wa zan nemi haƙƙina sai ya ce ƙaddara ce, ka gode wa Allah da ka tsira da rai. Na gode masa, kuma ina kan gode masa. Amma ni na ga tayar nan da idona a tasha, ta suɗe ƙal. Na kai maganar wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya ce imani da ƙaddara bai taɓa soke haƙƙin wani ba, ya karanto mini aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, inda aka ɗora diyya a kan kisan kuskure, ya ce haka malaman fiƙihu suka yi bayanin diyyar gaɓoɓi da raunuka. Yafiya alheri ce, in ji shi, amma sai wanda ya san abin da yake yafewa, kuma da son ransa. Da wannan na samu ƙarfin tashi, bayan wata biyar da haɗarin.

Wani maƙwabcina ne ya nuna mini ofishin Legal Aid, hukumar gwamnatin tarayya mai bai wa marasa ƙarfi lauya kyauta. Ban san ma aikinsu ya haɗa da neman diyyar haɗari ba, na ɗauka sai masu laifi da ke tsare. Tambayar farko da Barista ta yi mini ita ce motar ta waye. Ta ce da ta gwamnati ce, da wataƙila na makara, domin akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da kan taƙaita lokacin shigar da ƙara zuwa wata uku kacal. Tambaya ta biyu kuwa: "Ka sa hannu a wani abu?"

Sai da ta rubuta wa mai motar wasiƙa sannan muka ga kwafin takardar. Da Turanci take, layi bakwai. Ba shaidar karɓar kuɗi ba ce kawai. Cewa take na karɓi dubu 150 a matsayin cikakken biya na ƙarshe, kuma ni da iyalina mun janye duk wata da'awa a kan direba da mai mota. Ga sa hannuna, ga na kawu a matsayin shaida. Barista ta ce akwai dokar da ke kare wanda aka sa shi sa hannu a takardar da ba ya iya karantawa ba tare da an fassara masa ba, amma tun da na gama sakandare, wannan ƙofar ta yi mini ƙunci. Abin da za mu kama shi ne an ɓoye mini gaskiyar abin da ke ciki, kuma ina cikin magani lokacin. Za a iya yin nasara, za a iya faɗuwa, kuma shari'ar na iya cin shekaru.

Ba don takardar nan ba, maganata a tsaye take. Doka ta ɗora wa mai mota alhakin sakacin direbansa matuƙar a bakin aiki ya yi shi. Rahoton 'yan sanda ya ambaci gudu da fashewar taya. Sunana da lambar wayar ƙanina suna cikin takardar fasinjoji da ake cikawa a tasha, wadda da yawanmu ke rainawa, wasu har sunan ƙarya suke rubutawa don a yi sauri. Ita ce ta tabbatar ina cikin motar. Ku riƙa rubuta sunanku na gaskiya, don Allah.

Wurin lissafi na ƙara cin wata wuyar. Kotu ba ta karɓar "na kashe kusan kaza". Duk kuɗin da ka ce ka kashe ko ka rasa sai ka kawo shaidarsa ɗaya bayan ɗaya. Rasit ɗin asibiti suna nan, domin maiɗakina ta riƙa tara su cikin wata leda, Allah ya saka mata. Amma magungunan da aka riƙa sayowa a kemis na waje, da kuɗin keke napep na zuwa gashi, da abin da muka ba masu ba da jini, duk babu takarda, duk sun bi ruwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne littafin awona. Barista ta ce in kawo na shekara biyu, ta zauna ta ƙirga ɗinkin da na karɓa a azumin da ya gabata da kuɗin kowanne, da shi ta fitar da asarar sana'ata. Ban taɓa zaton wannan tsohon littafin mai tabon man keke zai zama hujja ba. Ta kuma sa na karɓo rahoton likita, wanda ya nuna ƙafar ta ɗan gajarce kuma taka keke na tsawon lokaci zai riƙa ba ni wahala.

Sai batun inshora. Doka ta daɗe da wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni, kuma a farkon 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira dubu 5 zuwa dubu 15. Da ta gaske ce a motar, kamfanin inshora ne zai ɗauki nauyin, ba aljihun Alhaji ba. Barista ta sa lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID, ta wayarta, a gabana. Babu ita. Takarda ce kawai ta nuna wa jami'ai a hanya. A nan na fahimci dalilin da ya sa aka yi saurin zuwa dubiya da biro a aljihu.

Wannan binciken ne ya dawo da su teburin sulhu, domin tuƙa motar haya ba inshora laifi ne mai zaman kansa. Zama uku muka yi. Lauyansu kullum takardar yake ɗagawa, kuma kullum ya ɗaga ta sai farashinmu ya sauko. Mun fara da neman miliyan 3, aka ƙare a dubu 900, biya uku, bayan an cire dubu 150 na farko. Barista ta ce zaɓi nawa ne. Na dubi bashin da ke kaina da yarana huɗu, na karɓa. Wannan karon sai da aka karanta mini yarjejeniyar layi-layi aka fassara, na tafi da ita gida na kwana biyu, sannan na sa hannu.

Ban riƙe kawu a zuciya ba. Shi ma bai san abin da ke ciki ba, kuma ya zo har gida ya ba ni haƙuri, abin da ya yi mini nauyi ƙwarai. Amma yanzu duk wanda na je dubawa a asibiti bayan haɗari, kafin in fito sai na ja mai jinyarsa gefe na ce: kuɗin taimako ku karɓa, ku yi godiya, amma kada marar lafiya ya taɓa biro sai ya miƙe, kuma sai wani naku da ya san doka ya karanta. Biya na uku ya shigo watan jiya. Da shi na sayi keke mai amfani da wuta, tun da ƙafar ba ta jure taka na da.