Turaren Juma'a ya cinye mani aikin watanni

Duk mai shirin binciken zamantakewar ɓeraye a nan Sakkwato, don Allah ka fara tunanin hancinsu kafin ka kai ga ƙwaƙwalwa. Aikina kan abin da ke sa ɓera ya kusanci ɗan'uwansa ne, da akwatin nan mai ɗaki uku da su Jacqueline Crawley sunka fito da shi a 2004, baƙon ɓera gefe guda, keji ba kowa ɗaya gefen, kai kuma kana ƙirga daƙiƙun sunsuna. Zafin Afrilu da ɗauke wuta mun san da su, ba su ne matsalar ba.

Wasu ranaku kawai sai ɓerayen su lafe a kusurwa, ko kallon baƙon ba su yi. Munka zargi abinci, munka zargi ƙarar janareta, har na fara murna ko wani sabon abu na gano a amigdala, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da motsin rai. Ina! Da munka jera ranakun ashe duk Juma'a ne bayan masallaci, yaron da ke taimaka muna shina shigowa da shadda da turare mai ƙarfi ya ɗauki ɓeran da hannu. Shi ba ruwanshi, ba wanda ya taɓa ce mishi kar ya sa.

Abin haushin, tun 2014 su Jeffrey Mogil a jami'ar McGill ta Kanada sunka nuna warin ɗan Adam namiji kaɗai, ko rigar da ya kwana da ita, na tayar wa ɓera hankali. Kuma saƙon hanci ke bi ta amigdala ya sauka haifotalamus da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa, wurin da Dayu Lin ta kunna da haske a 2011 ɓera ya far ma safar hannu da cizo. To ina ga almiski?

Yanzu mutum ɗaya ke taɓa su, rigar aiki na zama cikin ɗakin, akwati a goge da itanol kashi 70 a bari ya bushe sosai, kuma a rubuta wa ya riƙe ɓera ran nan. Juma'a kam mun daina gwaji gaba ɗaya, don ba ni iya ce ma mutum ya tai masallaci ba turare. Malamin da ke duba aikina cewa ya yi a sake daga farko, kuɗin sababbin ɓerayen kuma wallahi daga aljihuna sunka fito.