Bulalar malam tana da iyaka, kuma malamanmu sun faɗe ta

A Gusau ko Ƙaura Namoda, uba zai kai yaro islamiyya ya ce, "Malam, in ya yi ba daidai ba a zane shi." Ranar da yaron ya dawo da shaidar dorina a baya kuwa, uwa ce za ta yafa mayafi ta nufi makarantar. Malami na ganin aji mai cunkoso ba ya riƙuwa sai da tsumagiya, iyaye kuma na son tarbiyya ba tare da rauni ba. Kowa na kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a zauna an yi maganar iyaka ba.

Alhali iyakar tana nan. Hadisin Abu Dawuda ya ce a umarci yaro da salla yana ɗan shekara 7, duka sai ya kai 10. Shekara 3 ke nan na koyarwa kafin a ɗaga hannu. Ibn Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan da ke Tunisiya, ya ce kada malami ya wuce bulala 3 sai da izinin uba, ko da izinin ma kada ya haura 10. Fuska kuwa an hana dukanta.

Inda ake ɓarna shi ne mari. Tafin babba idan ya rufe kunnen yaro, iskar da ya matsa ciki na iya fasa dodon kunne. Daga baya sai a ce yaron ba ya ji, alhali da gaske ba ya ji ɗin. Tsallen kwaɗo a zafin ranar watan Afrilu na sa yaro ya galabaita har ya suma. Ba monita bulala kuwa, wallahi buɗe ƙofar ramuwa ce tsakanin yara.

Abin da ya fi damuna shi ne dukan yaro don ya kasa hadda. Rashin iyawa daban, taurin kai daban. A fara da tambaya: me ya sa ka makara? Sau da yawa ɗebo ruwa ne ko talla, laifin na gida ne. In nasa ne, a yi gargaɗi a keɓe, sai hana shi fita tara ko sa shi shara, sannan a kira uba. In har za a kai ga bulala, malami ya bari ransa ya huce tukuna, kuma shugaban makaranta ya sani.