Atisayen ces (chess), mako na shida: agogo ma abokin karawa ne

'Yan uwa masu koyo, atisayen wannan makon duk a kan agogo ya tsaya, domin a wasan sauri mutum kan fi abokin karawarsa kyawun matsayi, amma lokaci ya kayar da shi.

Hukumar ces ta duniya, FIDE, tana kiran wasa bilits idan kowane ɗan wasa yana da minti 10 ko ƙasa da haka. Abin da ya haura minti 10 bai kai 60 ba, rafid ne. A gasar duniya ana buga bilits da 3+2, rafid kuma 15+10. Lamba ta farko mintuna ne, ta biyu daƙiƙun da agogo ke ƙara maka duk lokacin da ka yi motsi. Bobby Fischer, tsohon zakaran ces na duniya, shi ne ya yaɗa wannan ƙarin, an kuma yi amfani da shi a karawarsa da Boris Spassky, wani tsohon zakaran, a 1992.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya haddace. A 3+2, wasan motsi 40 yana ba ka daƙiƙa 180 da ƙarin 80, jimilla 260, wato daƙiƙa shida da rabi a kowane motsi. A 5+0 daƙiƙa 300 ne, ba ƙari. Sai a motsi na 60 su biyun suke yin daidai. To amma ƙarshensu ba ɗaya ba ne. Mai 3+2 ko saura daƙiƙa biyar yake da ita, zai iya kai soja ƙarshen allo ya zama sarauniya ya ƙarasa aikinsa, muddin hannu bai tsaya ba. Mai 5+0 kuwa in lokaci ya ƙure, ko sarauniya biyu gare shi, sai dai haƙuri. Shi ya sa 3+2 ya fi dacewa da mai koyo. 5+0 yana koya wa mutum tura 'ya'ya barkatai.

Rabon lokacin da muke gwadawa yanzu a 3+2: motsi goma na farko kada su ci fiye da daƙiƙa 30, tunda buɗewa ce da aka riga aka sani. A tsakiyar wasa a yi dogon tunani sau biyu, ko uku in ta kama, kowanne kada ya wuce daƙiƙa 25. A shiga ƙarshen wasa da aƙalla daƙiƙa 40. Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin zaɓe tsakanin motsi biyu masu kyau. Mutum ya ƙona minti guda yana auna su, alhali kowanne ya ɗauka ya wadatar. A ajiye tunani sai inda ake musayar 'ya'ya ko sarki yake cikin haɗari. Kuma lokacin da agogon abokin karawa ke tafiya, naka ne kyauta: tsara amsarka tun bai motsa ba.

A kan allo na zahiri, hannun da ya motsa ɗa shi zai danna agogo, ba a kuma ajiye yatsa a kan maɓalli ana jira. Motsin da ya saɓa doka, in har ka danna agogo, na farko ana ƙara wa abokin karawarka minti ɗaya a bilits, na biyu ka faɗi.

Sai faɗuwar tuta, wato ƙarewar lokaci. Ba kullum take nufin an ci ka ba. Idan abokin karawarka sarki kaɗai ya rage masa, kunnen doki ne. Amma a dokar FIDE, in yana da sarki da doki, kai kana da sarki da soja ɗaya, lokacinka ya ƙare, yawanci ka faɗi, saboda akwai jerin motsi na halas da zai iya kai ga kashe sarkinka, ko da ba mai hankalin da zai bi wannan hanya. Sojan naka ne ya jawo maka.

Aikin mako mai zuwa: wasa goma na 3+2, bayan kowanne a rubuta lokacin da ya rage a motsi na 10, na 20 da na 30.