Yaron da ya ajiye almakashi bai dawo ba

Shekara goma sha ɗaya kenan ina riƙe da shagon ɗinki a Fagge, kuma wallahi yankan shadda bai taɓa ba ni wahalar da faɗa wa mutum aikinsa bai yi ba yake ba ni. Ni da tef aka koya min sana'a, tef ɗin awon nan dai da ke rataye a wuyan maigidanmu, in ka karkata aljihu sai dai ka ji saukarsa a gadon baya, a gaban kowa har kwastoma. Allah ya jiƙansa da rahama, albarkacinsa muke ci har yau, to amma sai na taso da tunanin ai haka ake gyara, ka ɗaga murya mai laifi ya ji kunya sauran kuma su shiga taitayinsu.

Babbar sallar 2023 ce ta koya min hankali. Kun dai tuna lokacin, ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, lita ta haura naira 500, ga sallah a ƙarshen Yuni, wuta babu, janareto na shan kuɗi kamar me, kowa a shagon a wuya yake musamman ni. Akwai wani yaro da na fi ji da shi, shiru-shiru ne, in ya kafa kai a keke sai ka manta yana nan, kuma duk shagon babu mai haɗa wuyan kaftani ya zauna daram kamar shi. Wani Alhaji ya kawo shadda Gezna yadi goma daga Kantin Kwari, yaron nan ya duba awon wani a littafi ya yanka wando ya gaza da kusan inci uku. Wanda ya san kuɗin Gezna ya san me nake nufi. Alhajin na tsaye, ƙananan yara masu sa maɓalli da guga na zaune, na buɗe baki na zazzage masa tas, har da cewa shekara huɗu kana nan awo ma ya gagare ka. Bai ce komai ba sai "yi haƙuri Oga". Ya ƙarasa duk ɗinkin da ke hannunsa har daren jajibere, ya share kekensa ya sa masa mai, ya ajiye almakashi a durowa. Bayan sallah shiru.

Da na gaji da kira na je gidansu da kaina. Mahaifinsa ya shimfiɗa min tabarma a zaure, muka gaisa, ya ce ai shi yaron bai musa laifinsa ba, har cewa ya yi a cire kuɗin yadin a haƙƙinsa, abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a gaban yaran da shi yake koya wa zare allura aka yi masa, da wane ido zai sake ce musu ku gyara nan. Na rasa ta cewa. Yanzu haka yana wani shago can wajen Zoo Road, muna gaisawa lafiya lau, amma dai na yi asarar hannu.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, irin wannan faɗan, kai har wanda ya fi shi, na sha yi wa wani a shagon kuma ko a jikinsa. Shi wannan ɗan surutu ne, daga Arsenal sai siyasa, kuma in ka bi shi da lallami ka ɓata lokacinka. Na taɓa gwada masa hannunka mai sanda, na ɗaga rigar da ya ɗinka na ce kai wannan hannun kamar ɗaya ya ɗan fi ɗaya ko idona ne, sai ya ce idonka ne Oga, ya ci gaba da labarinsa! Shi sai ka ce masa hannun hagu ya fi na dama da rabin inci, farke shi yanzu, kafin la'asar nake so. Zai yi dariya ya farke, an wuce wurin, gobe ma shi zai fara tsokanarka. In ka yi masa kwana-kwana ma gani yake kana da wata manufa.

Sai Baba mai aikin wuyan riga. Ya girme ni nesa ba kusa ba, tun ina firamare yake kan keken aiki, kuma a ƙarƙashina yake tunda ni nake biyansa. Toh ta ya zan ce masa Baba aikinku ya karkace? Bakina ba zai iya ba, kuma ko na iya na san ranar zai naɗe zarensa. Dabarar da na samu ita ce sai an watse sallar azahar, in ɗauko rigar in zauna kusa da shi ƙasa-ƙasa in ce Baba ku duba min nan, mai kayan ɗan ƙorafi ne, ya kuke ganin za mu yi? Zai sa tabarau ya juya ta sau biyu, da kansa zai ce a'a wannan layin ya sauka, bar min ita. Shi ya gano, shi ya gyara, girmansa na nan. Wani abokina ya ce wannan ai munafunci ne, na ce to kira shi duk abin da ka ga dama, rigar dai ta gyaru kuma ban ɗaga murya a kan sa'an babana ba.

'Yan bana-bakwai kuwa da ke kwaso sitayil a Instagram da TikTok, su dalili suke so. Ka ce kar a matse ƙirji sai sun ce saboda me, in ka nuna musu yadda shadda ba ta miƙewa kuma mai ita zai ɗaga hannu a sallah, shikenan sun kama. Wanda har yau ban gano kansa ba shi ne mai "to". Komai ka faɗa to Oga, in sha Allahu Oga, gobe ya maimaita kuskuren nan dai. Yanzu sai in ce maimaita min abin da na ce, wani lokacin ya yi aiki wani lokacin a'a.

Ba wai abin ya zo da sauƙi ba ne fa. Ni mai saurin fushi ne, in aiki ya ɓaci harshena ke riga hankalina, shi ya sa na ɗora wa kaina doka, in raina ya ɓaci sai in fita wajen mai shayi in dawo tukunna, kuma ba na gyara wa kowa a gaban kwastoma ko a gaban wanda yake ƙasa da shi, in ban da ɗan surutun nan.

Kuma ga wata sabuwa. Satin da ya wuce ɗan surutun nan ya tare ni muna rufe shago, ya ce Oga ni fa na lura, in sabon yaron nan ya yi kuskure sai ka ja shi baya ku yi ƙus-ƙus, ni kuwa daga inda kake zaune kake jefo min tawa, ko ni ba ni da zuciya ne? Da wasa ya faɗa amma na ga idonsa. Na ce to daga gobe kai ma in ja ka bayan? Ya yi shiru kaɗan ya ce a'a bar shi kawai, ƙus-ƙus ɗin nan tsoro yake ba ni, sai in ɗauka korata za ka yi. Muka sa kwaɗo muka tafi, amma har na hau Adaidaita ina juya maganarsa ta farko.