Godiya ga waɗanda suka tayar mini da babur

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya bayan la'asar na hau babur ɗina daga gareji har ƙofar gida, bayan ya shafe kwana 19 injinsa a warwatse cikin tire. Tun ranar da ya mutu mini a daji na ɗauki niyyar in Allah ya sa ya tashi, zan fito fili in gode wa mutanen da suka tsaya mini.

Duk wanda ya san ni ya san Yamaha DT125R ɗin nan shi ne ƙafata. Aikina allurar dabbobi, kuma da damina akwai rugagen da ko mota mai ƙafa huɗu ba ta kaiwa. Wata biyu bayan an yi masa borin, wato faɗaɗa ramin silinda, a wani wuri, sai ya fara wani hali: a ƙaramin gudu lafiya lau, amma da na murɗa totur ya kai inda ya saba buɗe wuta, sai ya shaƙe. Na canza fulogi sau biyu, an wanke kafireta, har salansa aka ƙona don a fitar da kunkunniya. Duk a banza. Ran wata Laraba ina dawowa daga ruga, hadari ya haɗo, sai na ji "ƙas" a cikin injin, ya mutu. Na taka kik, na ji shi sakayau babu nauyi, gabana ya faɗi.

Godiyata ta farko ga dattijon da ya tarar da ni ina turi cikin taɓo. Bai san ni ba. Ya sauke rabin ciyawar da ke amalankensa, muka ɗora babur, shanunsa suka ja mu har bakin kwalta, ruwa na dukanmu. Na miƙa masa kuɗi, ya ce, "Haba ɗana, mayar aljihunka." Baba, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci gonarka da dabbobinka.

Sai kuma babban bakaniken da ya gano cutar, wanda kowa a layin ke kira Baba. Ban taɓa ganin mai haƙurin bincike irinsa ba. Kafin ya ɗauki ko sifana, cewa ya yi, "Malam, buɗe makulli kawai, kar ka taka kik." Ya kanga kunne jikin babur. A irin wannan babur, da ka buɗe makulli akwai ɗan injin lantarki da ke juya bawul ɗin hayaƙi gaba da baya, kana jin 'yar ƙararsa ɗan lokaci kaɗan. Nawa sai nishi yake yi ya tsaya. Baba ya ɗago ya ce, "Ba kafireta ba ce."

Ni dai da na ɗauka injin da ke shan man 2T ba shi da bawul sam, kuma gaskiya ne ba shi da irin na Boxer ko na mota masu sifirin. Fistin ne da kansa ke buɗe ƙofar hayaƙi ya rufe. Amma a wannan, Yamaha ta sa wani ƙarfe mai kama da ɗan turmi kwance a saman ƙofar, suna kiran tsarin YPVS. Idan inji na tafiya a hankali, ƙarfen yakan sauko ya rage tsayin ƙofar, sai ka sami ƙarfin hawa tudu da ratsa yashi. Idan gudu ya ƙaru sai wayoyi biyu su juya shi ya buɗe ƙofar duka. Nawa ya maƙale ne a rufe, shi ya sa gudun sama ya ɓace.

Baba ya cire salansa, ya haska fitilar waya cikin ƙofar, ya ce in leƙa. Gefen bawul ɗin duk baƙi ƙirin da kunkunniya mai tauri, in ban da wani siririn layi da ke ƙyalli kamar an goga wuƙa. Wurin da ringi ke gogarsa ke nan. Da aka sauke silinda, ringin sama ya karye gida uku, fistin ya kwarzane ta ɓangaren hayaƙi, kuma notin da ke haɗa ɓari biyu na bawul ɗin ya saki, har kana iya girgiza shi da yatsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya tsaya sai da ya gano asalin ɓarnar. Faɗin silindar nan daga kamfani milimita 56 ne. Da aka yi borin aka ƙara mata rabin milimita, bango ya ja baya, amma bawul yana nan inda yake, bakinsa ya matso kusa da hanyar ringi. Ya kamata a ɗan rage bakin a lokacin, ba a yi ba. Ga noti ya saki, ga kunkunniyar man 2T maras kyau da nake saye a bakin hanya ta cika wurin. Wannan na ƙarshe sakacina ne, kuma na daina. Da wani ne, sabon fistin kawai zai sa mini, in biya, bayan wata ɗaya in dawo da irin wannan kuka.

Ina godiya ga abokina da ya yi kwana biyu yana yawo a Kano har ya samo bawul mai lafiya daga wani tsohon inji, da fistin da ringi da gasket. Ko kuɗin motarsa bai karɓa ba. Haka mai injin borin da ya fitar da kwarzanen, ya kai silindar milimita 57, ya kuma goge kaifin bakunan ƙofofi don kada su ci sabon ringi. Da yaran gareji biyu da suka yini suna kankare kunkunniya da kalanzir da burushi, hannayensu baƙi har gwiwar hannu. Allah ya sa ku ma ku zama iyayen gidan kanku.

Ranar haɗawa ina zaune kan benci ina kallo. Baba ya sa bawul, ya zura yatsa cikin silinda ya shafa, ya cire ya goga da samfefa kaɗan, ya mayar. Sau biyar na ƙirga. Sai da ya juya shi ta kowane ɓangare bai ji bakinsa ya leƙo ba, sannan ya ɗaure notin da gam ɗin noti. Wajen saita wayoyi kuwa, ya daidaita tsagar da ke jikin ɗan gargaren da wayoyin ke ja su juya bawul, da ramin da ke bayansa, ya zura ƙarfe mai kaurin milimita 4 ya riƙe shi, ya ja wayoyin har lilo ya ƙare, sannan ya ɗan sassauta. Ya buɗe makulli, bawul ya juya sumul.

Ga maigidana a wurin aiki da ya ara mini nasa babur don kada allurar shanu ta tsaya, da uwargida da ta yi haƙuri da kuɗin cefane ya ragu a waɗannan makonni, na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci.

Baba ya ce in bi shi a hankali har in ƙone tanki biyu, kada in buɗe masa wuta, sannan in kawo ya sake leƙa ƙofar. Ranar Asabar in sha Allahu tafiyata ta farko ƙauyen dattijon nan ce, igiyar da muka ɗaure babur da ita tana wurina har yanzu.